Farin Zare a Cikin Ƙwarya

Rakodar ta shigo gidanmu na Kebbe ne a shekarun da kuɗin mai suka sa mutane suka ɗauka talauci baƙo ne da ya riga ya yi sallama, takalmansa kawai yake nema. Yayana ne ya kawo ta, ɗan farin mahaifiyarmu. Direban babbar mota ne, yana ɗauko siminti daga Ikko zuwa Sakkwato, inda ake ta gine-gine tun da aka yanka mana jiharmu. Duk dawowar da zai yi sai ya zo da wani abu da ba mu san muna bukata ba, yau agogon bango, gobe kwanukan samira masu furanni. A cikinsu duka rakodar ce kaɗai ta zama 'yar gida.

Baƙa ce, mai hannu kamar akwatin tafiya, tana cin batir yadda doki ke cin dawa. Abin da ya bambanta ta da ta kowa a unguwa shi ne abin magana mai doguwar igiya. In aka soka shi a gefenta, muryar mutum sai ta fito tare da kiɗan da ke cikin kaset, ta yi kauri, ta yi kwarjini, har mai ita ya so ya waiwaya ya ga wa ke waƙa. Jikokina yanzu suna yin irin wannan da waya da talabijin, suna ce masa karawoke, baitoci suna gudu a gabansu kamar rubutun allo. Mu ba mu raɗa masa suna ba. Cewa kawai ake yi, "A fito da rakoda."

Kaset-kaset ɗin ma shi ya haɗa su da kansa, kuma da dabara. In ya ci karo da biki a hanya, a Jabo ne ko a Jega ko can ƙasar Nufe, sai ya nemi izini ya ajiye rakodar a gindin makaɗa, nesa da bakin mai waƙa. Abin da ke shiga kaset sai kiɗa da amshi. Muryar zabiya kuwa tana can ƙasa-ƙasa, kamar maƙwabciya na magana a bayan katanga. Wannan gurbi da ya bari shi muke cikewa da namu muryoyin.

Ranar Asabar ake yi, in yana gari, daga sallar la'asar zuwa kiran magariba, a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro. Mata ne zalla, na gida da na maƙwabta, sai shi a matsayin ɗan gida kuma mai kaya. Baba, wanda manomi ne da safe, mai duba littattafai da yamma, bai ce ya yarda ba, bai ce ya hana ba. Ya dai ce kada baƙon namiji ya shigo, kuma kada ladan ya buɗe baki ya tarar da ita a kunne. Daga nan ya koma zaure ya zama mutumin da ba ya jin abin da ke faruwa a cikin gidansa, wanda shi ma fanni ne na ilimi. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, inda nake aure. Maigidana kan kawo ni a babur ranar Juma'a, ya dawo ya ɗauke ni Lahadi, in hanya ta yarda.

Ban taɓa lura cewa zaɓen waƙa aiki ne ba sai da mai yinsa ya tafi. A wurinmu mace ba ta buɗe baki gaban manya da surukai ta ce ga waƙar da ranta ke so. Son abu a fili rashin kara ne, son waƙa kuwa ya fi tsanani, domin waƙa tana tona abin da ke zuci. Yaya ya san haka, sai ya ɗauke wa kowa nauyin. Ya san ta kowa. Zai laluba cikin kwali ba tare da ya duba ba, ya zura biro a ramin kaset ya yi ta juyawa don kada a ƙona batir wajen mayarwa baya, sannan ya danna, ya cusa wa mace abin magana a hannu. Ƙanwar Baba, wadda muke kira Gwaggo, da ita yakan fara.

"Gwaggo, ga taki. Kada ki ce ba ki so, jiya na ji ki kina yi ma awaki ita."

"Ɗan banza! Ni nac ce maka ina so?"

"Ba ki ce ba. Ni nat tilasta ki. Kowa shaida na."

Da haka kowace za ta yi waƙarta ta ƙoshi, ta kuma tashi da mutuncinta, tunda tilasta ta aka yi.

Mutum ɗaya ce bai taɓa cusa wa abin magana ba, ita ce Inna. Tsakanin uwa da ɗan fari akwai kunyar da kowa ya sani, Inna kuwa tana da jinin Fulani ta wajen uwa, tata kunyar ninki biyu ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "mai motar ga". In ya dawo daga tafiya ya durƙusa yana gaishe ta, sai ta amsa tana kallon tukunya. In ya kawo mata zane, sai ta miƙo mini ta ce in ajiye, wai wani ne ya yar. Amma ranar da ake sa ran zuwansa, furar da take damawa ta fi ƙarfin mutanen gidan.

Akwai wata waƙar niƙa da take yi muna yara, tun kafin inji ya zo Kebbe ya sallami duwatsun niƙa da waƙoƙinsu gaba ɗaya. Waƙar matafiyi ce, mai niƙa tana roƙonsa ya sauka ya sha ruwa. Yaya ya sa wasu masu kiɗan ƙwarya a wani biki suka kaɗa masa ita, ya ɗauko. Da ita yake rufe zama kullum. Yakan ɗaura ɗankwali, ya durƙusa kamar mai niƙa, ya siranta murya irin ta Inna, mata suna faɗuwa don dariya. Inna tana gefe a bakin ɗakinta da mazari da auduga. Takan juya baya ta ce wa bango, "Wancan dai ba shi da kunya." Amma mazarin yakan tsaya har sai waƙar ta ƙare.

Ya rasu da damina, a hanyar Kwantagora. Ya kauce wa wata mota, tasa ta faɗa rami. A can aka yi masa sutura. Labari ne kawai ya iso mana, da agogonsa da hularsa a ƙulle cikin ƙyalle.

Na ga mata da yawa a zaman makoki, ban ga irin Inna ba. Ta zauna a tabarma tana karɓar gaisuwa kamar an aiko ta ta wakilci wata. In an ce ya haƙuri, sai ta ce da godiya, Allah shi jiƙan musulmi. Ba ta ce "ɗana" ba. Ba ta zubar da hawaye a inda ido zai gani ba, gidanmu kuwa ba shi da inda ido ba ya gani. Matarsa ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta gama takaba ta koma wurin iyayenta a Fakku. Ni na yi nawa. Baba ma an ga ya share ido da hannun riga a zaure. Inna kuwa aka yi ta yabonta, tsofaffi suna cewa ga mace, ga tarbiyya irin ta da.

Ni da nake zuwa mako-mako ina ganin abin da yabon yake ci a jikinta. Tuwonta yana komawa madafa yadda ya fito. Zanen da take ɗaurawa ya fara neman zagaye na biyu. Ba ta kwanta ciwo ba, balle a kai ta asibiti a ce ga abin da ke damunta. Tana dai ƙarewa ne a tsaye, kamar sabulun da aka manta a ruwa. Na yi karatu gwargwadon hali, na san sunan abin a littafi, amma ba a koya mana a kwaleji yadda 'ya za ta ce wa uwarta ta yi kukan ɗan fari ba.

Bayan an yi girbi an kai gero rumbu, Baba ya kira ni zaure. Ya daɗe yana daidaita takardun littafinsa, sannan ya ce, "Akwatin ga na yayanki, ƙarƙashin gado za shi ruɓa? Gidan ga ya yi shiru awa an tashi. Ku fito da shi."

Asabar ɗin farko ba a yi waƙa ko ɗaya ba. Mata sun zo, an shimfiɗa tabarmi, na sa sababbin batir, na ɗauki abin magana na tsaya kamar mai gwanjo.

"Wace za a sa?"

Kowace ta sunkuyar da ido kan tabarma.

"Gwaggo, ke fara."

"Ni? Ga manya zamne? Tambayi ta kusa da ni."

Ta kusa da ita maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa mai sayar da daddawa. Ta ce, "Ni dut wadda anka sa daidai ta. Ku yara ku zaɓa."

Yaran, wato matan ƙannena da sa'o'insu, suka sunkuyar da kai kamar an tambaye su sunan miji.

Sai na ce bari in zaɓa da kaina. Na buɗe kwalin, na tarar babu rubutu a jikin kaset ko ɗaya, domin mai su a ka ya ajiye komai. Na sa na farko, kiɗan maharba ya fito. Na sa na biyu, ya kama daga tsakiyar wata waƙa da ba wadda ta san kanta. Na mayar baya ya wuce, na tura gaba ya zarce. Ina cikin haka kiɗan ya fara jan ƙafa kamar tsohon jaki, alamar batir ya gaji. Ladan ya kira salla, na ji daɗin kiran fiye da yadda ya kamata mumina ta ji don irin wannan dalili.

Mu malamai muna da wata cuta: in muka ga mutum uku sun taru sun rikice, sai mu ga aji. Na koma Tambuwal da kwalin a bayan babur, ina tunanin tsari. Tunanina na farko shi ne in rubuta suna a jikin kowane kaset. Ban yi nisa ba na ga bai da amfani. Waƙoƙin ba su da suna sai "ta ranar bikin wance", yawancin matan ba su karanta boko, kuma ko da suna karantawa, ba gane waƙa ne ya gagare su ba, furta ta ne.

A kasuwar Tambuwal na ga mafita, a rumfar mai zaren ɗinkin hula. A shekarun nan an cika kasuwa da zare na waje mai sheƙi, launi iri-iri, har da waɗanda Hausa ba ta tanadar wa suna ba. Na sayi launuka masu yawa. Na yi mako ina sauraron kaset-kaset bayan an tashi makaranta. Duk wanda na gane waƙar da ake so a cikinsa, sai in juya shi da biro in tsayar daidai kanta, in ɗaura wa gidansa zare mai launi ɗaya. Ja ta amarya, kore ta manoma, shuɗi ta masu ɗiban ruwa, ruwan ɗorawa ta Gwaggo da awakinta.

Asabar ta gaba na yi darasi. In kunna kan waƙa, in ɗaga zarenta, in kashe. Suka riƙe launukan nan da saurin da 'yan ajina ba su taɓa riƙe jadawalin sau ba. Sannan na yanka zaren gutsi-gutsi na zuba a faifai, na kai ɗakin girki tare da ƙwarya mai murfi. Duk wadda ta zo takan leƙa can ta sha ruwa, ita kaɗai. Sai ta ɗauki gutsure ɗaya ta jefa a ƙwarya. In an hallara in ɗauko ƙwaryar, in zura hannu ƙarƙashin murfi ba tare da na duba ba, in jawo. Mai zare ita ke karɓar abin magana.

Abin ya yi kyau fiye da yadda na zata, kuma ba don wayona kaɗai ba. Ɗakin girkinmu yana da duhu, matan suka mayar da duhun nan garkuwa. In na ɗaga ja, sai amaryar ƙanena ta miƙe tana rufe fuska da gyale.

"Wallahi ban ga launi ba, hannuna dai yaf faɗa kai."

"Haka na," in ji Gwaggo. "Makon jiya ma hannunki yaf faɗa kan ja. Hannun ga naki akwai dacewa."

Aka dawo da dariya gidan. Batir ya riƙa kai mu magariba har da saura. Maƙwabta na nesa suka fara zuwa, har wata ta tambaye ni ko a Ingila na koyo. Na ce a'a, a rumfar mai hula.

Kaset ɗaya ne ban ɗaura wa zare ba, na waƙar niƙa. Na sa shi can ƙasan kwali na danne da sauran. A ganina tausayi ne. Inna tana nan inda ta saba, a bakin ɗakinta da mazari, ba ta shiga zama, ba ta fita daga cikinsa.

Wata Asabar na zura hannu a ƙwarya, yatsana ya taɓa zaren da ba shi da santsi. Na jawo shi. Fari ne, kaɗin hannu, mai 'yan kumbure-kumbure irin na audugar gida. Ban sayi fari ba, kuma a unguwar gaba ɗaya mace ɗaya ce ta rage tana kaɗi. Na leƙa kwali. Kaset ɗin da na binne yana sama, an ɗaura masa farin zare, ƙulli biyu tsaf, an kuma juya shi an tsayar a kan waƙar. Da me ta juya shi ban sani ba, ina zaton da tsinken mazari.

Al'adar aji ta riga tunanina fita. Na ɗaga shi na ce, "Wannan na wa?"

Babu wadda ta kalli bakin ɗakin Inna. Rashin kallon nan ya fi nuni da yatsa bayyana. Ita kuwa tana ta murza mazari a cinya tana saki, kamar a wani gari ake zaman. Uzurin duhu ba zai yi mata aiki ba, tunda babu fari a faifai balle hannu ya faɗa kansa. In ta miƙe ta karɓi abin magana, ta shelanta wa unguwa cewa tana kewar wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba. Na ce da alama wani ƙyalle ne ya zare ya faɗa ciki. Na ajiye shi gefe na jawo kore.

Mako ya zagayo, farin zare ya dawo. Wannan karon yatsuna sun san shi, suka riƙa tsallake shi suna kamo masu santsi. In an tashi sai ya rage shi kaɗai a gindin ƙwarya, kuma Inna ce ke wanke ƙoren gidan. Haka muka yi ta yi, ita tana jefawa, ni ina kaucewa, ba mu taɓa haɗa ido a kai ba.

Na juya maganar ta kowace fuska. In kunna kaset ɗin ba mai waƙa, kiɗa da amshi za su yi ta zagaya gurbin da muryarsa take, kowa yana sauraron ramin, wannan ya fi shiru zafi. In yi waƙar da kaina, ban riƙe fiye da baitin farko ba, kuma na san ba zan kai ƙarshensa a tsaye ba. In ba ta rakodar ta shiga ɗaki ita kaɗai, katangar ɗakinta ba ta riƙe sauti, kuma miƙa mata ita daidai yake da ce mata na gane. Tsarina ya warware wa kowa matsala, ban da mutum ɗaya da aka fito da rakodar dominta.

Wata Lahadi da safe ina ɗaure kaya, Gwaggo ta shigo aron rariya. Mace ce doguwa mai muryar da ake kiran shanu da ita daga ƙetaren gulbi, amma ranar ta rage ta. Ta ja ni bayan rumbu.

"Malama, hannunki na da ido?"

"Kamar yaya, Gwaggo?"

"Kada ki yi min boko. Kin ce ba ki dubawa, amma farin ga kullum shi ka kwana ƙwarya."

"In na jawo shi wa zai tashi? Kin san ba ta iyawa."

"Na san ta tun ba a haife ki ba. Ni nar raka ta ɗaki ranar da anka kawo ta gidan ga. Aikinki jawowa, tashi ba naki na ba. Ki bari sai rana ta yi sanyi, ki jawo shi na ƙarshe."

"Sannan me?"

"Sannan ki danna abin ga ki kama bakinki. Ina rariyar?"

Asabar ta zo. Aka yi ja, aka yi shuɗi, aka yi wata ruwan hanta da mai daddawa ta rantse ba ta ga launinta ba. Inuwar dogon yaro ta kai bakin rijiya. Na zura hannu na kamo shi, na ɗaga. Ban tambayi na wa ne ba.

"Nawa na," in ji Gwaggo, ta miƙe tana gyara ɗaurin zane.

Mai daddawa ta dube ta. "Ke? Yaushe kinka fara kaɗi?"

"Tsinta niy yi. Ko an hana tsintuwa? Malama, ba ni abin ga."

Ta karɓi abin magana. Ba ta tsaya tsakiyar tabarma inda ake tsayawa ba, ta ja igiya iya tsawonta, ta je ta zauna a kan turmin da ke kife kusa da ƙofar Inna, wai ƙafarta na ciwo. Na danna. Ƙwarya ta fara, amshi ya shigo: sauka, baƙo, sauka. Mazarin Inna ya tsaya.

Gwaggo ta buɗe murya.

"Mai tafiya, rana ta yi tsaka, ga inuwa, ga ruwan tulu..."

"Randa," in ji Inna, tana kallon audugarta.

"Ga ruwan randa. In ba ka zama, tsaya ka sha, dawa ta nika daka maka..."

"Gero. Kuma niƙa, ba daka ba. Waƙar niƙa ta."

"To, matarmu, gero da dawa ba dut hatsi na ba?"

"Ba haka aka cewa ba."

Uwa ba ta neman waƙar ɗan fari. Amma babu wata kunya da ta hana matar wa ta gyara wa ƙanwar miji kuskure, wannan kam kusan wajibi ne, kuma sun shekara talatin suna yinsa a kan gishirin miya. Na duba fuskokin matan, na ga kowace ta samo abin yi. Wata tana gyara wa ɗanta riga, wata tana tsintar tsakuwa a tabarma.

A baiti na biyu Gwaggo ta ɓace gaba ɗaya. Ta yi ta gunguni a hanci, kiɗa yana wucewa.

"Mi ab biye?"

Inna ta faɗa a hankali, da magana, ba da waƙa ba. "Hanya doguwa ba ta da uwa."

"Mi? Kiɗan ga ya cika min kunne. Ɗaga murya."

"Hanya doguwa ba ta da uwa, ba ta tambaya ko ka ci."

"Ba ni iya riƙe shi haka a bushe. Yi shi da karinshi in ji yadda aka hawa."

Inna ta yi tsaki. Sannan ta yi shi da karinsa. Na shekara da yawa ban ji muryar nan ba sai a bakin Yaya, da ɗankwali a kansa. Ashe bai kwaikwaye ta daidai ba. Tata ta fi ƙasa, kuma tana da wata 'yar tsagewa a ƙarshen layi, inda mai niƙa ke tura dutse gaba. Hannun Gwaggo mai riƙe da abin magana ya gaji, kamar yadda hannun tsohuwa kan gaji, ya sauko ya kwanta a gwiwarta, daidai saitin bakin Inna. Muryar ta fito ta rakoda ta cika tsakar gida. Ba wadda ta nuna ta lura.

Daga nan Gwaggo ba ta ƙara tambaya ba. Takan dai kama kan layi ta ɓata shi, Inna ta karɓe ta kai shi ƙarshe, matan da ke cikin kaset su amsa. "In ka iske ruwa ya cika gulbi, dawo, ba kunya ga dawowa." A hankali na ji amshin ya yi kauri, ashe matan tabarma sun shiga, kowace kanta a sunkuye.

Baitin ƙarshe Inna ta yi shi ita kaɗai tun daga farkonsa.

"Na aje maka naka a rufe, ko ka yi dare, shina nan."

Amshi ya zo ya wuce. Ƙwarya ta yi 'yan bugu ta tsaya, aka ji hayaniyar wancan bikin na nesa, sai na kashe. Hawaye suna bin fuskar Inna suna ɗiga a kan audugar da ke cinyarta, ba ta share ba, domin sharewa yarda ce da akwai su. Ta ce wa Gwaggo, "Kin ɓata ma mutane waƙa. Tsofai-tsofai da ke."

"Ai sai a hankali. Mako mai zuwa in sake gwadawa."

"Gara dai."

Ta tashi ta ɗauki buta tun ladan bai kira ba. Ta daɗe a wurin alwala, mu kuma muka daɗe muna naɗe tabarmi.

Ba zan ce ta warke ba, ban san ana warkewa daga irin wannan ba. Amma ta daina ƙarewa. Ta rayu shekaru masu dama bayan haka, ta ga 'ya'yana, ta yi wa ɗan farina irin gatan da ba ta iya yi wa nata ba. Farin zare bai riƙa zuwa kowane mako ba, sai in abin ya taso mata, wani lokaci da farkon damina, wani lokaci ba dalilin da na gani. Duk ranar da ya zo, Gwaggo ce ta tsinta, ƙafarta kuma takan yi ciwo. A tsawon shekarun nan ba ta iya waƙar ba. Kuskuren bara daban, na bana daban, har unguwa ta san ta da shi, yara suna yi mata dariya.

Ranar sadakar bakwai ɗin Inna na zagaya bayan rumbu neman itace. Na tarar da Gwaggo zaune a ƙasa ita kaɗai, tana tsince shinkafar sadaka a faifai, tana yin waƙar a hankali. Na tsaya na ji ta daga randa har zuwa abin da aka ajiye a rufe, ba ta kuskure ko kalma ɗaya ba. Da ta ɗago ta gan ni sai ta ce in itace nake nema, yana can gindin katanga.